PDF, fayil guda, manhajar karatu ko hoton allo: wace hanya ta fi dacewa da ajiye shafin intanet?

Alamar da kake sa wa shafi a burauza ba ajiya ba ce. Adireshi kawai take riƙewa, kuma ranar da ka rasa sabis, ko mai shafin ya goge shi, ko ya sauya abin da ya rubuta, alamar ba za ta tsinana maka komai ba. Ɓacewar shafuka kuwa ba abu ne da ke faruwa jefi-jefi ba. A shekarar 2024 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da rahoto cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke nan a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. Don haka duk wanda ya ga abin da yake buƙata a intanet, ko darasi ne, ko shaidar biyan kuɗi, ko bayanin gyaran na'ura, yana da dalilin neman kofin da zai zauna a hannunsa.

Matsalar ita ce hanyoyin suna da yawa, kuma kowane allazi da nasa amanu. Kafin mu bi su ɗaya bayan ɗaya, akwai abin da ya kamata a fahimta, domin shi ne tushen kusan duk wata tangarɗa da ake samu.

Abin da kake gani a allo a matsayin shafi guda, a zahiri tarin fayiloli ne. Akwai fayil ɗin HTML mai ɗauke da rubutu da ƙashin bayan shafin, akwai na CSS mai tsara launi da fasali, akwai hotuna kowanne da adireshinsa, akwai nau'in haruffa, sannan akwai JavaScript, wato ƙananan umarnin da burauza ke aiwatarwa. Shafuka da yawa a yau suna isowa kusan fanko, sai JavaScript ya je sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ya ɗebo rubutun ya zuba. Wasu kuma ba sa sauko da hoto sai ka gangaro inda yake. Ke nan ajiye shafi yana nufin tattara duk waɗannan tarkacen wuri guda, kuma bambancin hanyoyin yana cikin yadda kowacce ke yin wannan tattarawar.

Ma'aunin da za mu yi amfani da shi

Na farko, kama da asali: shin kofin zai fito da hotuna da jadawalai da tsari kamar yadda ka gan su? Na biyu, dorewa, kuma a wurina shi ne mafi nauyi: bayan shekara biyar, a wata na'urar daban, zai buɗu? A hannunka yake ko a hannun wani kamfani? Na uku, sauƙi, musamman a waya. Na huɗu, kuɗi da wurin da zai ci a ma'adana. Na biyar, haɗari, wanda ya haɗa da fallasar bayananka da shiga haƙƙin mai shafi.

Mayar da shafi PDF

A kwamfuta ka danna Ctrl da P, sai a wurin zaɓar firinta ka zaɓi ajiyewa a matsayin PDF. A waya ma akwai shi: a Android yana ƙarƙashin zaɓin bugawa, a iPhone kuma Safari na ba da zaɓin PDF idan ka taɓa alamar rabawa. Kyauta ne, ba ya buƙatar saka wata manhaja.

Ƙarfin PDF yana cikin dorewarsa. Kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, kuma tun 2008 ya zama ma'aunin ƙasa da ƙasa a ƙarƙashin hukumar ISO, ma'ana ba mallakin kamfani ɗaya ba ne da zai wayi gari ya janye. Da wuya ka sami waya ko kwamfutar da ba ta buɗe shi. Rubutun da ke ciki yana nan a matsayin rubutu, kana iya bincika kalma, ka kwafa, ka ja layi a ƙarƙashin abin da ya ja hankalinka, ka tura wa wani ba tare da fargabar ko zai buɗu masa ba. Yawanci mahaɗan da ke cikin shafin, wato wuraren da ake taɓawa su kai ka wani shafin, su ma suna ci gaba da aiki idan ka dawo kan intanet.

Rauninsa shi ne an tsara shi ne don takarda, shi kuwa shafin intanet ba shi da iyakar tsawo. Sai ka ga hoto ya rabu biyu tsakanin shafi na uku da na huɗu, ko jadawali mai faɗi an datse masa ginshiƙin ƙarshe, ko sanarwar neman izini ta zauna daram a kan sakin layin da kake nema. Duk abin da ke naɗe, irin amsoshin da sai an taɓa tambaya suke buɗewa, zai fito a naɗe har abada.

Akwai dabaru uku da ke rage wannan matsala sosai. Ka fara gangarawa har ƙarshen shafin a hankali domin hotuna su sauko, ka kuma buɗe duk abin da ke naɗe. Idan rubutu ne mai tsawo, ka kunna yanayin karatu na burauza kafin ka buga. Firefox da Safari da Edge duk suna da shi, kuma yana share talla da tarkacen gefe ya bar maka rubutu da hotunansa. Sannan ka bar zaɓin da ke buga adireshin shafi da kwanan wata a sama da ƙasan takarda. Mutane da yawa suna kashe shi don ya fi kyan gani, amma ranar da kake son sanin daga ina takardar ta fito da kuma yaushe ka ɗauke ta, wannan ɗan layin shi ne zai cece ka.

Ctrl da S: tsohuwar hanya

Wannan ita ce hanyar da aka fi sani, kuma ita ce ta fi yaudara. Idan ka zaɓi ajiye cikakken shafi, burauza za ta ba ka fayil ɗin HTML tare da folda mai irin sunansa, cike da hotuna da sauran kayan haɗi, wani lokaci fiye da ɗari. Su biyun ɗan juma ne da ɗan jummai. Ka kwashe fayil ɗin zuwa filasha ka manta foldar, ko ka sauya wa foldar suna, sai shafin ya buɗe tsirara, babu hoto babu tsari. Ko da ba ka taɓa komai ba, shafukan da suka dogara da JavaScript kan buɗe fari fat, domin umarnin na ƙoƙarin kiran sabar da ba zai samu ba. Idan kuma HTML kaɗai ka zaɓa, fayil ɗin ƙarami ne amma hotuna ba sa ciki.

Abin da ya fi damuna da ita shi ne idan ka gwada kofin alhali kana kan intanet, zai iya fitowa lafiya lau saboda yana jawo abin da ya rasa daga can ba tare da ka sani ba. Sai ranar buƙata ka gano cewa rabin kaya ka ajiye. Ga tsofaffin shafuka masu sauƙi tana aiki. Ban da su, ba na ba da shawarar ta.

Fayil guda na burauza: MHTML da ajiyar Safari

Chrome da Edge suna iya dunƙule shafi da hotunansa cikin fayil ɗaya mai suna MHTML. Tsohon tsari ne, an tsara ƙa'idarsa tun 1999, kuma dabararsa iri ɗaya ce da yadda saƙon imel ke ɗaukar hotuna a cikinsa. A Chrome na Android, kibiyar saukewa da ke cikin jerin zaɓuɓɓuka wannan fayil ɗin take samarwa: taɓawa ɗaya, shafin ya shiga cikin abubuwan da ka sauke, kuma zai buɗe ko babu sabis. Wajen sauƙi a waya babu wadda ta kama ƙafarta. Kamanninsa da asali ma ya fi na PDF, tunda ba a yanka shi zuwa takardu.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen buɗewa. Firefox ba ya buɗe MHTML da kansa, Safari ma haka. Shi kuma Safari yana da nasa tsarin ajiyar, wanda kusan sai a na'urorin Apple yake buɗuwa. To idan yau kana Android gobe ka koma iPhone, ko za ka tura wa wanda ba ka san na'urarsa ba, kana iya tarar da fayil ɗin yana nan amma ƙofarsa a kulle. Ya dace da ajiyar makonni ko watanni a na'ura ɗaya. Ajiyar shekaru kuwa, akwai abin dubawa.

SingleFile

Wannan ɗan ƙari ne da ake liƙa wa burauza, kyauta, kuma lambobin da aka gina shi da su a buɗe suke ga duk mai son dubawa. Yana aiki a Firefox da Chrome da Edge da Safari. Aikinsa shi ne ya ɗauki shafin kamar yadda yake a gabanka a wannan lokacin, bayan JavaScript ya gama zuba komai, ya cusa hotuna da tsari da haruffa cikin fayil ɗin HTML guda ɗaya. A tsarinsa na asali yana cire umarnin JavaScript, don haka kofin ba ya yunƙurin kiran waje.

A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi haɗa kama da asali da dorewa. Fayil ɗaya ne, babu foldar da za ta ɓata. HTML ne zalla, don haka duk wata burauza a kowace na'ura za ta buɗe shi, ko da ba a sa mata SingleFile ba, kuma ko da wata rana an daina kula da shi kansa SingleFile ɗin. Yana kuma rubuta adireshin asali da lokacin ajiya a cikin fayil ɗin. Kana iya haskaka wani sashe kawai ka ajiye shi, ko ka ajiye duk shafukan da ke buɗe a lokaci guda. Manhajar Zotero, wadda ɗalibai da masu bincike ke tara madogara da ita, da wannan fasahar take ɗaukar kofin shafuka.

Yana da nasa nauyin. Domin a sa hoto cikin HTML sai an mayar da shi haruffa, kuma wannan na ƙara masa girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda haka shafi mai hotuna da yawa zai yi nauyi. A waya ba kowace burauza ke karɓar irin waɗannan ƙarin ba: Firefox na Android yana karɓa, Chrome na Android ba ya karɓa. Sannan akwai batun amana, wanda bai kamata a yi wasa da shi ba. Duk ƙarin da zai ajiye shafi dole ne a ba shi izinin karanta shafukan da kake buɗewa. Ka sauke shi daga rumbun burauzarka na hukuma, ka tabbatar da sunan da kyau, domin ana samun masu kwaikwayon sunayen sanannun manhajoji.

Manhajojin ajiye karatu

Irin su Instapaper da Wallabag, da kuma jerin karatu na Safari idan ka kunna masa ajiya ta kai tsaye. Suna tsamo rubutun labari, su watsar da sauran, su jera maka cikin haruffa masu daɗin karantawa, kuma abin da ka ajiye a kwamfuta zai bayyana a waya. Ga mai tara dogayen rubuce-rubuce don ya karanta a hanya, babu abin da ya kai su daɗi. Instapaper yana da matakin kyauta da na biyan kuɗi. Wallabag kyauta ne idan za ka ɗora shi a sabar taka, wanda ke buƙatar ɗan sanin fasaha, ko ka biya a riƙe maka.

Sai dai ajiyar tana gidan wani. Pocket, wadda ta fi kowacce shahara a wannan fanni, ta fara a 2007, Mozilla, mai burauzar Firefox, ta saye ta a 2017, kuma a Yulin 2025 aka rufe ta. An ba mutane 'yan watanni su kwashe bayanansu, wanda bai ga sanarwar ba kuwa ya yi asara. Kafin ita, Omnivore ta rufe a ƙarshen 2024. Ba ina cewa a guje su ba ne. Ina cewa a ɗauke su a matsayin teburin karatu, ba akwatin ajiya ba. Haka nan ba sa iya jadawalai masu sarƙaƙiya, kuma shafin da sai an shiga da kalmar sirri sau da yawa yakan gagare su.

Hoton allo

Shi ne mafi sauri, kuma shi ne ke nuna ainihin abin da idonka ya gani. Firefox da Edge suna ɗaukar dogon hoto na dukkan shafi, wayoyin Android na zamani suna da zaɓin ci gaba da ɗauka har ƙasa, iPhone kuma na iya ɗaukar cikakken shafi a Safari. Ya dace da abu gajere: lambar tikiti, taswirar hanya, saƙon tabbatar da ciniki. Ga dogon rubutu kuwa wahala ce, domin hoto ne, mahaɗai sun mutu, kuma idan ka tura shi ta manhajar hira takan matse shi har ƙananan haruffa su dushe.

Idan gidan yanar gaba ɗaya kake so

HTTrack, wanda ke nan tun 1998, da Wget mai aiki da rubutaccen umarni, suna bin mahaɗai daga shafi zuwa shafi su sauke komai, su gyara adireshin ta yadda za ka yi yawo a cikin kofin kamar kana kan intanet. Dukansu kyauta ne. Suna yin kyau a kan littattafan koyarwa da tsofaffin gidajen yana masu sauƙin gini, suna kuma shan kaye a kan na zamani masu dogaro da JavaScript. Ka iyakance zurfin da za su bi, ka sa tazara tsakanin buƙata da buƙata. In ba haka ba za su cinye maka data da ma'adana, su kuma takura wa sabar mutane har a toshe ka.

Idan Wikipedia ce ko makamantanta, kada ka wahalar da kanka. Manhajar Kiwix na ba da su a dunƙule cikin fayil ɗin ZIM, da bincike a ciki. Ta Turanci mai hotuna ta kai wajen gigabait 100, amma akwai ƙananan zaɓuɓɓuka marasa hoto ko na fanni guda, da na sauran harsuna.

Wayback Machine

Na sako shi ne don ana yawan haɗa shi da sauran, alhali aikinsa daban. Na Internet Archive ne, cibiyar da aka kafa a 1996, kuma yana ba kowa damar ba shi adireshi ya ajiye kofin shafin a rumbunsa da kwanan wata. Wannan kofin sai da intanet ake ganinsa, don haka bai magance rashin sabis ba. Amfaninsa shi ne shaida: kofin da ke hannunka ana iya cewa kai ka gyara shi, wanda ke hannun wata cibiya daban kuwa ya fi wuyar musantawa. Shi ma ba ya rasa ranar tangarɗa, domin a Oktoban 2024 harin masu kutse ya sa ya tsaya na kwanaki. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, saboda haka ka haɗa shi da kofi naka. Kuma shafukan da kowa ke iya gani kaɗai ya dace a ba shi.

| Hanya | Kama da asali | Dorewa | Sauƙi | Kuɗi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| PDF | Matsakaici | Sosai | Sosai | Kyauta | Yankewar hoto da jadawali |
| Ctrl da S, fayil da folda | Ba tabbas | Rauni | Sosai | Kyauta | Rabuwa da folda |
| MHTML ko ajiyar Safari | Mai kyau | Matsakaici | Sosai a waya | Kyauta | Ba kowace burauza ke buɗewa ba |
| SingleFile | Mai kyau sosai | Sosai | Sai an saka shi | Kyauta | Izinin karanta shafuka, nauyin fayil |
| Manhajar karatu | Rubutu kawai | Ya dogara da kamfani | Sosai | Kyauta ko biya | Rufewar manhaja |
| Hoton allo | Daidai da allo | Sosai | Sosai | Kyauta | Dushewa, mutuwar mahaɗai |
| HTTrack ko Wget | Ya danganta da shafi | Mai kyau | Da wuya | Kyauta | Cin data, toshewa |
| Wayback Machine | Ya danganta da shafi | Mai kyau | Da sauƙi | Kyauta | Sai da intanet |

Abubuwa biyu sun shafi dukkansu. Bidiyon da ake kallo kai tsaye ba ya shiga cikin ko ɗaya daga waɗannan kofin, sai dai hoton fuskarsa. Idan shi kake so, sai ka nemi zaɓin saukewa a manhajar da ke nuna shi. Na biyu, shafin da ka ajiye bayan ka shiga asusunka yana ɗauke da duk abin da ke kansa, sunanka, adireshinka, ragowar kuɗinka, wani lokaci har da bayanan da ba sa bayyana a allo amma suna cikin HTML. Ka duba kafin ka tura wa wani, kuma idan turawa ce manufar, PDF ko hoton da ka yanke ya fi aminci. Ajiye wa kanka don karatu abu ne guda, sake wallafa aikin wani ba da izininsa ba kuma wani abu ne daban.

Wace ce taka?

Idan shaidar biya ce, ko takardar rajista, ko sharuɗɗan wata yarjejeniya, ka yi PDF da adireshi da kwanan wata a jiki, ka ajiye shi wuri biyu. Idan kana jin za a iya yin jayayya a kan abin da wani shafin jama'a ya ce, ka ƙara da Wayback Machine a ranar.

Idan tafiya ce a gabanka kuma kana son abin karantawa na kwana biyu, kibiyar saukewa ta Chrome ko jerin karatu na Safari sun wadatar. Mai karatu kullum zai fi jin daɗin Instapaper ko Wallabag, da sharaɗin duk rubutun da ya ga ba ya son rabuwa da shi ya fitar da shi zuwa PDF.

Ɗalibi ko mai bincike ko ɗan jarida, wanda ke tara shafuka da yawa kuma zai koma musu bayan shekaru, SingleFile ne nasa, ko Zotero idan yana son madogara a jere. Haka ma mai ajiye darasin da ke cike da hotuna da jadawalai, inda yankewar PDF za ta ɓata ma'ana. Malamin da zai kai kayan karatu inda babu intanet ya fara duba Kiwix, idan abin da yake nema ba ya can sannan ya koma HTTrack.

Ko wacce ka ɗauka, ka sa wa fayil ɗin suna mai ma'ana da kwanan wata a gaba, shekara sannan wata sannan rana, domin su jeru da kansu. Sannan tun kana wurin, ka sa na'urar a yanayin jirgin sama, ka buɗe kofin, ka gangara har ƙasa. Idan hoto ya ɓace ko wani sashe ya fito fari, ka kunna data ka sake ɗauka ta wata hanyar tun shafin yana nan.